SANIN LAFIYAR KWAMFUTA: YADDA AKE TATTARA BAYANIN AIKIN NA'URA DA AMFANINSA GA JAMA'A

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi domin wayar da kan jama'a game da wani al'amari da ya shafi kusan kowane gida a Nijeriya, ko da yake mutane kaɗan ne suka san da zamansa. Al'amarin kuwa shi ne yadda kwamfuta take ba da labarin lafiyarta, da yadda ma'aikata suke tattara wannan labari su yi aiki da shi tun ɓarna ba ta auku ba.

Wanda ya zaga unguwar Dogo Nini, a garin Potiskum na Jihar Yobe, zai ga yadda na'ura ta shiga cikin harkokin yau da kullum. Ga masu POS a bakin titi, ga shagunan buga takardu da cike fom, ga kuma waya a hannun yaro da babba. Potiskum gari ne na fatauci a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, kasuwar shanunsa kuwa tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Kuɗin da a dā ake ƙirgawa hannu da hannu, yanzu da yawansu ta waya ake aikawa. Tun daga shekarar 1978 hukumar JAMB take shirya jarrabawar shiga jami'a, amma daga 2015 ta mai da ita dungum a kan kwamfuta. A babban zaɓen 2023 ma, da na'urar BVAS aka tantance masu jefa ƙuri'a.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan na'urori ta tsaya, abin da aka saba ji shi ne, "Babu sabis." Sau da yawa kuwa sabis lafiyarsa lau, ciwon yana wani wuri dabam. Likitan da ya ce wa kowane majinyaci zazzaɓi ne ke damunsa, ba tare da ya auna shi ba, zai yi ta ba da magani a banza. Haka lamarin kwamfuta yake.

MECE CE BABBAR MANHAJA?

Kowace kwamfuta, har da wayar hannu, tana da wata manhaja da ke shugabantar sauran. Ita ce take tashi kafin ƙananan manhajoji in an kunna na'ura, ita ce kuma take kwanciya bayansu. Sanannun cikinsu su ne Windows, da Linux, da Android, da kuma iOS. Ita ake kira babbar manhaja a cikin wannan littafi.

Aikinta ya yi kama da na sarkin tasha. Motoci da yawa suna son lodi, amma wurin lodi ƙalilan ne. Sarkin tasha shi ke cewa wance ta shiga layi, wance ta dakata, wance ta tashi. Kusa da shi kuma akwai ɗan kamasho riƙe da littafi, yana rubuta motar da ta yi lodi, da lokacin da ta tashi, da yawan fasinjan da ta ɗauka. Babbar manhaja tana raba wa ƙananan manhajoji lokaci da wuri kamar sarkin tasha, tana kuma riƙe da lissafin duk abin da ta raba kamar ɗan kamasho. Wannan lissafi shi ne bayanin aikin na'ura. Yana nan kullum ko an duba ko ba a duba ba, sai dai mafi yawansa yakan shafe da zarar an kashe na'urar. Saboda haka tilas a sami wanda zai riƙa kwafe shi yana adanawa.

ABUBUWA BIYAR DA AKE AUNAWA

Na farko, ƙwaƙwalwar na'ura, wadda masu gyara ke ce wa furosesa. Ita ce ke yin lissafi duka. Abin da ake aunawa shi ne kashi nawa cikin ɗari na lokacinta ta ɓatar tana aiki, kashi nawa kuma tana zaune. Ana kuma duba yawan ayyukan da ke layi suna jiran ta. Misalin wannan shi ne gidan niƙa mai inji huɗu. In mutum huɗu suka kawo niƙa, kowane inji ya sami aiki, babu mai jira. In kuwa mutum goma sha biyu ne, to takwas suna tsaye da ƙwaryarsu a hannu. Linux da 'yan uwanta sukan nuna matsakaicin tsawon wannan layi na minti 1, da minti 5, da minti 15, domin a gane ko cunkoson ƙaruwa yake yi ko raguwa.

Na biyu, ma'ajiyar wucin gadi, wadda a kasuwa ake ce wa ram. Ita kamar teburin mai shago ce, inda yake baza kayan da ake yawan tambaya. Faifan ajiya kuwa shi ne sito. Muddin tebur ya ɗauki kayan, ciniki zai tafi da sauri. Sa'ad da ya cika, sai mai shago ya dinga kai da komowa tsakanin tebur da sito, masu saye suna jira. In ma'ajiyar wucin gadi ta cika, haka babbar manhaja take yi, tana kwashe wasu bayanai zuwa faifai tana sāke ɗebo su. Tsohon faifai mai juyawa kuwa ya fi ram jinkiri sau dubbai. Wannan shi ne dalilin da ya sa kwamfuta takan daskare alhali furosesa ba ta aikin komai.

Na uku, faifan ajiya. Ana auna sauran wurin da ya rage a cikinsa, da yawan karatu da rubutun da yake yi a daƙiƙa ɗaya, da tsawon lokacin da kowace buƙata take jira. Tun tsakiyar shekarun 1990 faifaye suna zuwa da wata dabara mai suna SMART, wadda ke ƙirga sa'o'in da faifai ya yi yana aiki da wuraren da suka lalace a jikinsa. In adadin wuraren nan ya fara hawa, alama ce ta a kwafe kaya a nemi sabon faifai.

Na huɗu, layin sadarwa. Ana auna yawan bayanin da ya fita da wanda ya shigo, da wanda ya ɓace a hanya, da kuma lokacin da saƙo yake ɗauka ya je ya dawo. Wannan awo kaɗai ne zai tabbatar ko maganar "babu sabis" gaskiya ce.

Na biyar, zafi da wuta. A cikin na'ura akwai 'yan ma'aunai da ke faɗin zafin furosesa, da gudun fanka, da ƙarfin batir.

YAYA AKE TATTARA BAYANIN?

Babbar manhaja ba ta ɓoye littafinta. Ta buɗe ƙofofi na musamman inda kowace manhaja da aka ba izini za ta iya zuwa ta karanta. A Linux akwai wani wuri mai suna /proc, wanda ke kama da taskar takardu, amma ba a kan faifai yake ba. Duk lokacin da aka buɗe wata takarda a cikinsa, nan take babbar manhaja take rubuta adadin da ke hannunta ta miƙa. A Windows akwai ma'aunai irin waɗannan, waɗanda Task Manager da Performance Monitor suke karantawa su zana wa mutum a fuskar allo.

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya fahimta sosai, domin a kansa ne masu koyo suka fi yin kuskure. Yawancin waɗannan ma'aunai irin mitar wutar lantarki ne ta dā, wadda lambarta ba ta komawa baya. Wanda ya dubi mita sau ɗaya ba zai san wutar da aka sha a wannan wata ba. Sai ya karanta a farkon wata, ya sāke karantawa a ƙarshensa, sa'an nan ya ɗebe na farko daga na biyu.

Ga misali. Linux takan raba daƙiƙa ɗaya gida 100 wajen ƙirga lokacin furosesa. A ɗauka manhajar awo ta karanta ta sami jimillar lokaci 50,000, lokacin zaman banza kuma 30,000. Bayan daƙiƙa 10 ta koma ta sami jimilla 51,000, zaman banza 30,200. Abin da ya ƙaru a jimilla 1,000 ne, a zaman banza kuwa 200. Ke nan cikin 1,000 an yi aiki 800, watau kashi 80 cikin ɗari. Da a ce karatun farko kaɗai aka yi aiki da shi, da an ce kashi 40 ne, domin 20,000 ne aka yi aiki cikin 50,000. Wannan kashi 40 kuwa labarin tun lokacin da aka kunna na'urar ne, bai faɗi halin da take ciki a yanzu ba.

Bisa ga haka, aikin manhajar awo mataki huɗu ne. Ta karanta ma'auni, ta rubuta lokacin da ta karanta, ta jira ɗan lokaci ta sāke karantawa, sa'an nan ta fitar da bambanci ta adana. A ofishin da ke da kwamfutoci da yawa, akan sa wata 'yar ƙaramar manhaja a kowace na'ura, mai aika sakamakon zuwa wuri guda inda ma'aikaci ɗaya zai ga duka. Tun 1988 akwai wata ƙa'ida mai suna SNMP da na'urorin sadarwa suke bi wajen ba da irin wannan rahoto, har yau kuwa ana amfani da ita.

Sau nawa ya kamata a auna? Awo shi kansa aiki ne da ke cin lokacin na'ura. Majinyacin da ake tashinsa kowane minti domin a auna jininsa ba zai sami barci ba, wanda kuma ake dubawa sau ɗaya a mako yana iya galabaita ba a sani ba. Ma'aikata da yawa sukan zaɓi tsakanin daƙiƙa 10 da minti 1 domin aikin kullum, su matsa kusa in suna farautar wata matsala.

TAƘAITACCEN TARIHI

Auna lafiyar na'ura daga nesa ba baƙon abu ba ne a Arewacin Nijeriya. A farkon shekarun 1960, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, watau NASA, ta kafa tashoshi a sassan duniya domin bin sawun kumbunanta, ɗaya daga cikinsu kuwa a Kano take. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, sa'ad da John Glenn ya kewaye duniya sau uku, tashar Kano tana cikin masu karɓar bayanin kumbon da na lafiyar matuƙinsa suna miƙawa gaba. A wannan tafiya wani ma'auni ya nuna wai garkuwar da ke kare kumbon daga zafi ta kwance. Hankalin ma'aikata ya tashi ƙwarai. Bayan ya sauko lafiya aka gano garkuwar tana nan daram, ɗan makunnin da ke aiko da labarin ne ya lalace. Darasin da aka koya shi ne, ma'auni ma yana iya yin ƙarya, don haka ba a yanke hukunci da shaidar ma'auni ɗaya.

Ranar 20 ga Yuli 1969, kumbon Apollo 11 yana gab da sauka a kan wata da Neil Armstrong da Buzz Aldrin, sai kwamfutarsa ta shiga ƙara tana nuna lamba 1202, daga baya kuma 1201. Ma'anar lambobin ita ce aiki ya yi mata yawa. Wata na'urar hange ce take cinye wani kaso na lokacinta ba gaira ba dalili. Amma masu tsara manhajar, waɗanda Margaret Hamilton take cikin shugabanninsu, sun gina ta yadda in ta cika za ta ajiye ƙananan ayyuka ta riƙe manya, ta kuma faɗi halin da take ciki. Ma'aikatan ƙasa a birnin Houston sun san ma'anar lambar, suka ce a ci gaba, aka kuwa sauka lafiya. Da na'urar ta yi shiru ta daskare, ko kuwa da babu wanda ya san fassarar lambar, da wataƙila an fasa saukar.

A wannan shekara ta 1969 ne Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina babbar manhajar Unix a Amurka. Daga zuriyarta aka sami kayan awo da ake ji da su har yanzu, kamar vmstat da top, wadda William LeFebvre ya rubuta a 1984. Linus Torvalds, ɗalibi a ƙasar Finlan, ya fitar da Linux a 1991, Android kuwa a kanta aka gina ta. Task Manager ta shigo Windows a 1996. Ashe ke nan wayar da ke hannun ɗan kasuwa a Dogo Nini tana ɗauke da irin littafin lissafin da a dā sai manyan cibiyoyin bincike suke da shi.

MISALIN CIBIYAR JARRABAWA

Domin a ga amfanin wannan ilmi a aikace, a ɗauki misalin ɗaliba daga Dogo Nini da ta shekara tana shirin jarrabawar JAMB. Iyayenta sun biya kuɗin fom, wataƙila sai da aka sayar da akuya. Jarrabawar tambaya 180 ce a darussa huɗu, cikin sa'a biyu. A zauren akwai ɗalibai wajen 250, kowa da kwamfutarsa, dukkansu kuwa suna haɗe da babbar kwamfuta guda, wadda ake kira uwar garke. Daga gare ta tambayoyi suke fitowa, gare ta amsoshi suke komawa.

A ce allon wannan yarinya ya daskare minti goma. Abu huɗu ne aƙalla za su iya jawo haka. Ko dai kwamfutarta ce ta yi zafi ta rage gudu, ko wayar da ta haɗa ta da uwar garke ta sami matsala, ko ma'ajiyar wucin gadi ta uwar garke ta cika, ko kuwa faifanta ya kasa ɗaukar rubutun mutum 250 a lokaci guda. Kowanne maganinsa dabam. In na farko ne, a sāke mata kwamfuta cikin minti ɗaya. In na uku ne kuwa, sāke mata kwamfuta ɓata lokaci ne, domin zauren duka yana gab da tsayawa. Ma'aikacin da ke da allon awo a gabansa zai bambance nan da nan. Wanda ba shi da shi sai ya yi ta kashewa da kunnawa, agogo kuwa yana tafiya.

Fiye da haka, bayanin da aka adana shi ne shaidar ɗalibar. In ta kai kuka cewa na'ura ta cuce ta, littafin awo mai ɗauke da lokaci zai nuna ko da gaske ne an sami tsaiko, da ƙarfe nawa, na tsawon minti nawa.

Abin da ya faru a 2025 ya isa ishara. Da sakamakon jarrabawar wannan shekara ya fito, fiye da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi suka sami ƙasa da maki 200 cikin 400, jama'a suka yi ta kuka. Ranar 14 ga Mayu, magatakardan hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito fili ya amsa cewa an sami kuskure da ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Wani gyaran manhaja ne da ya kamata ya shiga dukkan uwayen garke bai shiga wasu yadda ya dace ba. Hukumar ta ba da haƙuri, ta sāke shirya musu jarrabawa. Wannan kuskure ba na jinkirin na'ura ba ne, amma darasinsa ɗaya ne: sai da aka koma aka binciki na'urorin da abin da suka ajiye kafin gaskiya ta fito. Ofishin da ba ya ajiye tarihin aikin na'urorinsa ba shi da abin da zai koma ya bincika.

KURAKURAN DA AKE YI WAJEN FASSARA

Tattara adadi abu ne mai sauƙi, fahimtarsa ita ce aiki. Ga kurakurai huɗu da ya kamata a kiyaye.

Kuskure na farko shi ne dogara ga matsakaicin adadi. A ce ɗalibai 250 sun shiga a lokaci ɗaya, uwar garke ta cika maƙil na minti 2, sauran minti 58 kuma tana aiki kashi 20 cikin ɗari. Matsakaicin wannan sa'a bai wuce kashi 23 ba. Mai duba rahoto zai ce lafiya ƙalau, alhali cikin minti biyun nan ne jama'a suka sha wuya. Wajibi ne a riƙa duba ƙololuwar adadi tare da matsakaicinsa.

Na biyu shi ne tsorata da babban adadi. Furosesa da ta kai kashi 100 na ɗan lokaci tana yin aikin da aka saye ta dominsa ne. Haka kuma babbar manhaja takan cika ma'ajiyar wucin gadi da gangan da bayanan da take zaton za a nema, ta sake su in an buƙaci wurin. Alamar ciwo ita ce doguwar jira da yawan kai da komowa zuwa faifai.

Na uku shi ne rashin sanin yadda na'ura take in tana lafiya. Uwar da ta san ɗumin jikin ɗanta ita ce take gane zazzaɓi da taɓawa ɗaya. Sai an auna na'ura a ranakun da babu matsala kafin a gane ranar da ta canza. Akwai wata cuta da masana ke kira yoyo, inda manhaja take karɓar wuri a ma'ajiya ba ta mayarwa. Kullum adadin yana ƙaruwa kaɗan kaɗan, sai bayan kwanaki na'urar ta tsaya. Awon yini ɗaya ba zai nuna wannan ba, amma na mako biyu zai nuna shi sarai.

Na huɗu shi ne sakaci da agogo. In agogon wata kwamfuta ya saɓa wa na 'yar uwarta da minti biyar, ba za a iya gane wadda ta fara samun matsala ba. A tsofaffin kwamfutoci akwai ɗan batir mai kamar kwabo da ke riƙe agogo, in ya mutu sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Canza shi ba shi da tsada.

ZAFI, ƘURA DA WUTA

 A Potiskum, kamar sauran garuruwan Arewa, zafin bazara a watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma a daidai wannan lokaci ake yawan yin jarrabawar JAMB. Furosesa tana da dabarar kare kanta. In zafinta ya doshi digiri 100 sai ta rage gudu da kanta, in abin ya faskara ta kashe na'urar. Mai kwamfutar da ke gudu da safe amma ta yi nauyi da azahar, ya fara duba ma'aunin zafi kafin ya zargi wani abu.

Da hunturu kuma ƙura takan toshe hanyar iska ta danne fanka. Wanda ke riƙe da tarihin awo zai ga zafin na'urarsa yana hawa daga Disamba zuwa Fabrairu alhali gari da sanyi, ya san lokacin shara ya yi. Ɗaukewar wuta ba zato tana lalata faifai, don haka yana da kyau a riƙa ƙirga sau nawa na'ura ta mutu ba a kashe ta ba. Masu aiki da janareto ko hasken rana su riƙa lura da lafiyar batir, domin batirin da ya tsufa yakan nuna a cike yake, sa'an nan ya ƙare cikin 'yan mintuna.

SIRRIN JAMA'A DA DOKA

Ƙofar da ake bi a auna lafiyar na'ura, ita ce kuma za a iya bi a leƙi asirin mai ita. Jerin manhajojin da ke aiki yana iya nuna abin da mutum yake yi da lokacin da yake yinsa. Kamfanoni da yawa suna sa manhajojinsu su riƙa aika musu rahoto. A 2016 hukumar kare bayanan jama'a ta Faransa ta gargaɗi kamfanin Microsoft cewa Windows 10 tana kwasar bayani fiye da kima, kamfanin ya yi gyara, aka rufe maganar a 2017.

A Nijeriya, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na wannan shekara, ta kafa hukumar NDPC domin sa ido a kan wannan fanni. Dokar ta tanadi cewa kada a tattara bayanin mutum sai da dalilin da doka ta yarda da shi, kada a ɗebi fiye da abin da ake buƙata, kada kuma a juya shi zuwa wata manufa dabam. Saboda haka mai shago ko shugaban ofis yana da damar auna zafin na'urarsa da nauyin aikinta, amma wannan bai ba shi damar kwafe lambobin sirri ko takardun masu hulɗa da shi ba.

SHAWARWARI GA JAMA'A

1. Mai kwamfuta mai Windows ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager za ta buɗe. Ya duba ta ranar da na'urarsa take lafiya, ya rubuta adadin da ya gani domin kwatantawa nan gaba.

2. Mai wayar hannu ya shiga wurin saiti ya duba manhajar da ta fi shan batir da data, da sauran wurin da ya rage. Waya in ta cika maƙil takan yi nauyi.

3. Kafin a kai na'ura wurin mai gyara, a rubuta ranar da matsalar ta faru, da lokacin, da aikin da ake yi sa'ad da ta faru. Mai gyara na kirki zai auna kafin ya ce a sayi sabon kaya.

4. A guji manhajojin da ba a san asalinsu ba masu alkawarin ƙara wa waya gudu. Da yawansu nauyi suke ƙarawa, wasu kuma bayanin mutum suke kwasa.

5. Shugabannin makarantu, da asibitoci, da cibiyoyin jarrabawa su sa ma'aikaci takamaimai da zai riƙa duba awo kullum, su kuma ajiye tarihinsa a wata na'ura dabam, domin in uwar garke ta mutu kada ta tafi da shaidar abin da ya kashe ta.

6. Kafin ranar babban aiki, a gwada na'urori da cikakken nauyin da za su ɗauka. Uwar garken da ta yi gudu da mutum 10 ba ta ba da tabbacin za ta ɗauki 250 ba.

7. A sa iyakar da in an haura ta na'ura za ta yi gargaɗi, misali in faifai ya kai kashi 85 cikin ɗari. Amma kada gargaɗin ya yi yawa, domin in ƙararrawa tana kaɗawa kowane lokaci, ma'aikata za su daina kula ta.

KAMMALAWA

Ayyukan hukuma da na kasuwa suna ƙara komawa kan na'ura, tun daga rajistar katin ɗan ƙasa har zuwa biyan albashi. Duk sa'ad da na'ura ta tsaya, akwai mutumin da ya yi asara: ɗalibar da lokacinta ya ƙare, ko bafataken da kuɗinsa suka maƙale bayan ya riga ya loda shanu, ko dattijon da ya biya kuɗin mota daga ƙauye aka ce ya dawo gobe. Wasu daga cikin waɗannan tsaiko suna ba da alama kwanaki ko makonni kafin su auku, alamar kuwa tana rubuce a cikin na'urar, kayan karanta ta kuma kyauta suke zuwa tare da babbar manhaja.

Ana kira ga matasa masu sha'awar wannan fanni, musamman ɗaliban makarantu irin su Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha da ke Potiskum, su koyi karanta waɗannan ma'aunai, domin sana'a ce da kowane ofis yake buƙata. Ana kuma roƙon wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya bayyana wa maƙwabcinsa abin da ke ciki. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.